Kitsen Zuciya da Hukuncin Ƙiba: Ƙaddara ce ko Sakaci?

Babu zuciyar ɗan Adam da ba ta da kitse a jikinta, ta mai ƙiba ce ko ta siriri. Wanda ya taɓa tsayawa a kan mahauci ranar Layya ya ga irinsa a zuciyar rago: wani farin kitse mai ɗan tauri da ya yi wa saman zuciyar rawani, ya kuma bi kwarmin da ke gangarowa a jikinta. In aka sa wuƙa aka tsaga shi a hankali, za a tarar da siraran jijiyoyi kwance a ciki. Su ne ke shayar da tsokar zuciya, domin jinin da ke ratsa ɗakunanta wucewa yake yi, ba shi ne abincinta ba. Likitan nan Ibn Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya riga ya faɗi haka a sharhin da ya yi wa Ƙanun na Ibn Sina, inda ya saɓa wa marubucin littafin a kan wannan batu. Kitsen mutum ya fi na rago laushi, kuma yana da rawaya-rawaya, amma mazauninsu ɗaya.

Zuciya tana zaune ne a cikin wata jaka mai tantani biyu. Akwai kitsen da ke bayan jakar, akwai kuma na cikinta, wanda ke manne da tsokar zuciya. Na cikin shi ne abin lura, saboda babu wani shamaki tsakaninsa da tsokar, kuma jijiyoyin da ke shayar da ita su ne ke shayar da shi. A jikin baligi yakan rufe kusan kashi 80 cikin 100 na fuskar zuciya, ya kuma kai wajen kashi 20 cikin 100 na nauyinta. In bai wuce kima ba, mai hidima ne. Shi ne matashin da jijiyoyin ke kwanciya a kai yayin da zuciya ke murɗawa tana saki, wajen sau 100,000 a kowace rana. Shi ne kuma rumbu mafi kusa: tsokar zuciya ta fi dogara da mai a matsayin makamashi, kuma wannan kitse yana sakar mata shi in ta buƙata, ya tsotse rarar in ta yi yawa.

Matsala tana farawa ne idan kitsen ya yi kauri. Ƙwayoyinsa sukan kumbura har iskar da jini ke kawowa ta kasa isarsu, wasu su lalace, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su taru a wurin kamar yadda suke taruwa a bakin gyambo. Daga nan kitsen ya koma fitar da sinadaran da ke haddasa kumburi, ya rage fitar da wanda ke kare jijiyoyi, wato adifonektin. A 2003 wasu likitoci a Amurka suka ɗebi kitse daga zuciyar marasa lafiya da ake yi wa tiyatar jijiyoyin zuciya, suka gwada shi da kitsen ƙarƙashin fatarsu, suka tarar na zuciyar ya fi cika da waɗannan sinadarai nesa ba kusa ba. Tun da babu shamaki, abin da kitsen ya fitar kai-tsaye yake shiga bangon jijiyar da ke kwance a cikinsa. Bangon ya yi kaushi, kolestarol ya samu wurin maƙalewa, hanya ta riƙa tsukewa shekara da shekaru. Ranar da wannan dasƙararren abu ya fashe, jini ya dunƙule a kansa ya toshe hanyar, sashen tsokar da ke gaba ya fara mutuwa: shi ne bugun zuciyar da ke kayar da mutum yana tsakar harkarsa. Akwai wani abin mamaki da masu binciken gawa suka daɗe da lura da shi. A wasu mutane jijiyar takan nutse cikin tsoka na ɗan taƙi kafin ta sake fitowa, kuma wannan yanki da ba ya taɓa kitse yawanci shi ne ke tsira daga toshewa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga jijiyoyi ba. Kitsen yakan kutsa tsakanin zaren tsokar ɗakunan sama na zuciya ya bar tabo, sai saƙon lantarkin da ke daidaita bugu ya rikice, ɗakunan su koma karkarwa maimakon bugawa. Jinin da ya kwanta a ɗakin da ke karkarwa yana iya yin guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan rikicewar bugu ya fi waninsa haɗarin shanyewar ɓarin jiki da wajen ninki 5. Sannan jakar zuciya ba ta miƙewa sosai. In kitse ya cinye fili a cikinta, kuma tsokar ta yi tauri, zuciya takan kasa buɗewa ta cika da jini yadda ya kamata, ko da ƙarfin matsawarta yana nan. Mai wannan lalura shi ne wanda zai hau matakala biyar ya tsaya yana haki, ƙafafunsa su kumbura da yamma har takalmi ya ƙi shiga, da dare kuma sai ya tara matasai ya jingina kafin ya samu barci.

Kitsen zuciya ba ya taruwa shi kaɗai. Yana tafiya ne tare da kitsen cikin ciki, wanda ke naɗe da hanji, kuma jinin da ya bar wannan kitse hanta yake fara shiga. Hanta ta yi kitse, jiki ya daina jin maganar insulin, ciwon suga ya sami ƙofa. Babban jiki kuma yana buƙatar jini mai yawa, zuciya ta ƙara aiki, ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau. Kitsen wuya yana toshe maƙogwaro a cikin barci, shi ya sa wani mai minshari zai yi shiru kamar numfashinsa ya ɗauke, sannan ya farka da ƙara. Kowane irin wannan ɗaukewa duka ne ga zuciya. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948 da mutum 5,209, ya nuna a 1983 cewa ƙiba ita kanta tana ƙara haɗarin ciwon zuciya, ko an cire lissafin hawan jini da suga da taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. A 2022 kuwa masu ƙiba a duniya sun haura biliyan 1, wato mutum ɗaya cikin kowane 8.

Awon da aka saba yi shi ne raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa: daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba. Awo ne mai sauƙi, amma makaho ne, ba ya bambanta tsokar ɗan dambe da teɓar ɗan kasuwa, ba ya kuma faɗin inda kitsen ya kwanta. Tun a 1947 wani likitan Faransa a birnin Marsel, Jean Vague, ya nuna cewa ƙibar da ta taru a ciki da ƙirji ta fi ta kwankwaso da cinyoyi haɗari. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52 ƙarƙashin Salim Yusuf ya tabbatar a 2005 cewa faɗin ƙugu, in an gwada shi da na kwankwaso, ya fi wancan awo nuna wanda bugun zuciya zai kama. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce haɗari ya yi yawa in zagayen ƙugun namiji ya wuce santimita 102, na mace kuma 88. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar tef ɗin tela: a auna tsawon mutum da igiya, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ƙugu wajen cibiya. In bakunanta ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan fage fuska ba ta da labari. Ana samun mace mai cikar kwankwaso da cinyoyi wadda zuciyarta ke da ɗan siririn kitse, ana samun namiji mai siraran hannuwa da ɗan tumbi a ƙarƙashin babbar riga wanda zuciyarsa ke lulluɓe. Ba a ganin kitsen zuciya sai da na'urar hoton zuciya ko ta siti-sikan. Daga nan tambayar addini take tasowa, kuma tsohuwar tambaya ce a sabon kaya: abin da ya taru a jikin mutum yana cutar da shi, laifinsa ne da za a tambaye shi, ko kuwa rabo ne da aka rubuta masa?

Kalmar zuciya tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma harshen Hausa ya fi karkata ga ta biyun. Farar zuciya, mutuwar zuciya, son zuciya, yin zuciya, duk ba su shafi tsoka ba. Ko ciwon zuciya ma sau da yawa baƙin ciki ake nufi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya raba ma'anonin a Ihya'u Ulumiddin, a littafin da ya keɓe wa abubuwan al'ajabin zuciya. Ta farko ita ce tsokar da ke ɓangaren hagu na ƙirji, wadda dabba ma tana da ita, gawa ma tana da ita, kuma ya bar ta ga likitoci. Ta biyu ita ce latifar da ke sani, wadda ake yi wa umarni da hani, ake kuma yi wa hisabi. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, na shida a Arba'una ta Nawawi, wanda yaran Islamiyya ke haddacewa, ya rataya gyaruwar jiki duka da ɓacinsa a kan wata tsoka guda, kuma malamai sun fassara shi a kan gyaran niyya da taƙawa. Masu jawo shi su mai da shi darasin likitanci suna ɗora masa kayan da ba nasa ba. Amma Gazali bai ce zukatan biyu ba su san juna ba. Ya ce akwai alaƙa a tsakaninsu. Batun ƙiba yana kan wannan alaƙa ne, domin abin da zuciya mai so ta zaɓa a bakin akushi yana iya sauka a kan zuciya mai bugawa bayan shekara 20.

A ƙasar Hausa ƙiba ta daɗe tana da farin jini, kuma da dalili. Al'ummar da ta san fari da yunwa, ta ga na 1973 da na 1984, ba za ta kalli rama da sha'awa ba. Wanda ya tashi daga jinya ana ce masa ya murmure, amarya in ta yi wata uku a ɗakinta ana duba kumatunta don a san irin riƙon da miji ke yi mata, teɓar Alhaji kuma shaida ce cewa kasuwa ta karɓa. Cutar da aka fi tsoro a ƙarshen ƙarnin da ya wuce ma daga ƙanjamewa aka samo sunanta, har ya zama wanda ya rame ba gaira ba dalili sai a fara yi masa kallon zargi. A cikin wannan yanayi ne ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe suka samu kasuwa a wajen mata. Wasu maganin ƙaiƙayi da mura ne masu buɗe ciki, wasu kuma deksametason ne, kuma wannan na biyun ba ƙibar lafiya yake kawowa ba. Yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da doron wuya, ya sirantar da hannu da ƙafa, ya hau da jini da suga. Ƙibar da aka saya da shi ita ce ainihin wadda Vague ya yi kashedi a kanta. An yi wa rogo kallon kitse.

Nassoshin addini ba su yi magana a kan nauyin jiki kai-tsaye ba sai kaɗan. A kan ci suka fi magana. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha ta hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib, wanda Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, ya siffanta ciki a matsayin mafi sharrin mazubin da ɗan Adam ke cikawa, ya nuna 'yan lomomi sun isa, in kuwa ba makawa to a kasa shi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya sanya wannan kaso cikin ladubban ci a Risala, don haka duk wanda ya zauna a zauren malami ya kai babin abinci da abin sha ya ji shi. Ambaton numfashi a nan abu ne da kowa ya sani a jikinsa: cikakken tumbi yana tokare tantanin da ke ƙarƙashin huhu, kuma abin da tuwon dare ke yi na awa biyu, kitsen ciki yana yinsa dare da rana. Gazali ya ware littafi guda a kan karya sha'awar ciki da ta farji, ya lissafa lafiyar jiki cikin fa'idodin rage ci, amma ya ce abin nema shi ne tsakaici, inda mutum ba ya jin nauyin ciki kuma ba ya jin zafin yunwa. A wajen Kiristoci ma haɗama tana cikin manyan zunubai bakwai, kuma Toma Akwinas ya ɗora laifin a kan sha'awar da ta fita daga tsarin hankali.

Nassin da ya fi kusa da ƙiba ita kanta shi ne hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari da Muslim, wanda ya ambaci bayyanar ƙiba cikin siffofin mutanen da za su zo bayan ƙarnuka mafiya alheri, tare da ha'inci da rashin cika alwashi. Bayanin Imam Nawawi a sharhin Muslim shi ne mabuɗin mas'alar: abin zargi shi ne wanda ya nemo ƙibar da kansa ta hanyar wuce kima a ci da sha, wanda kuwa halittarsa ce ba ya ciki. Akwai ruwayoyin da ke goyon bayan wannan rarrabewa. Abu Dawuda ya kawo labarin tseren gudu tsakanin Annabi (SAW) da Nana A'isha, inda ta tsere masa da farko, daga baya da ta yi jiki shi ya tsere mata, kuma cikin raha aka ba da labarin, babu ɗigon zargi. Ke nan hukunci yana kan aiki ne, siffa ba ta ɗaukar hukunci. Siriri mai haɗama da jikinsa ba ya nunawa ya faɗa cikin hanin, mai jiki da ke cin daidai bai faɗa ba.

Sauran aiki shi ne a san ina halitta ta tsaya, ina nema ya fara, kuma a nan ilimin zamani ya faɗaɗa yankin halitta fiye da yadda ake zato. Binciken da Albert Stunkard ya wallafa a 1990 a kan tagwaye 'yan ƙwai ɗaya da aka raina a gidaje daban-daban a Suwidin ya nuna nauyinsu ya yi kama da juna ƙwarai duk da bambancin tukunya. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi shi ne gado yana da kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin nauyi tsakanin mutane. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano leftin, sinadarin da kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa don shaida mata yawan ajiyar da ke jiki. Yaran da aka haifa ba su da shi ba sa ƙoshi ko kaɗan, kuma in aka yi musu allurarsa sai cin ya daidaita. Irinsu ƙalilan ne a duniya, amma sun isa hujja cewa yunwa umarni ce daga cikin jiki, kuma ba da ƙarfi ɗaya take zuwa wa kowa ba. Mutum biyu suna iya tashi daga faranti ɗaya, ɗaya ya ƙoshi da gaske, ɗaya yana danne kansa ne.

Akwai kuma abin da ke faruwa tun mutum yana ciki. A hunturun 1944 zuwa 1945 yunwa ta auka wa yammacin Holan saboda takunkumin sojan Jamus. Binciken da aka wallafa a 1976 a kan samarin da aka ɗauka aikin soja ya nuna waɗanda yunwar ta riski iyayensu mata a farkon ciki sun fi sauran ƙiba. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan koyi ɓoyo, in wadata ta zo sai ya tara. Wannan ya shafi Sahel kai-tsaye: yaron da aka haifa a ƙauye a shekarar fari, ya girma ya koma Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ya bar noma ya zauna a shago daga safe zuwa Magariba, ya bar tafiyar ƙafa ya koma hawa babur, ya sauya fura da lemon kwalba, ya haɗa sabubba biyu da bai zaɓi ko ɗaya da sani ba. Ga magunguna irin su insulin da wasu na farfaɗiya da na taɓin hankali masu sa ƙiba, ga haihuwa a kai a kai, ga tsadar kifi da ganye da 'ya'yan itace a kan taliya da farar shinkafa da mai.

Wannan duka bai kai ga cewa babu zaɓi ba. Maganar da aka fi ji a bakin mai teɓa in an yi masa nasiha ita ce kwana in ya ƙare ya ƙare, kakansa ma da teɓarsa ya shekara 90. Tauhidin da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa yana da amsar wannan. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukunci uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Na al'ada shi ne ɗaure abu da abu saboda maimaituwa, tare da yarda cewa yana iya saɓawa, kuma sababin ba shi da tasiri da kansa. Alaƙar kitse da ciwon zuciya irin wannan ce. Kakan da ya shekara 90 misali ne na saɓawar, bai rushe al'adar ba, kamar yadda wanda ya faɗo daga kan giginya ya tashi lafiya bai mai da faɗowa abin yi ba. Lissafin likitoci ma bai taɓa cewa wane zai mutu ranar kaza ba. Cewa yake yi cikin mutum dubu masu irin wannan ƙugu, waɗanda za su kamu sun fi yawa.

Labarin Sayyidina Umar a lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, shi ne madogarar malamai a nan. Da ya isa Sarga ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce, ya buga misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora. Ajali ba ya matsawa, wannan aƙida ce, amma ba a sanar da kowa nasa ba, saboda haka ba ya zama hujjar aiki ko bari. Kuma ciwon zuciya ba kisa kaɗai yake yi ba. Yana iya barin mutum shekara 10 a kan tabarma, ana juya shi, ana kama shi zuwa bayi, ba ya iya sujada. Kare rai yana cikin larurori biyar da Shaɗibi ya gina manufofin shari'a a kansu a Muwafaƙat, hadisin Abdullahi ɗan Amru a Bukhari ya tabbatar wa jiki haƙƙi a kan mai shi, na Abu Barza a Tirmizi kuma ya sanya jiki cikin abubuwan da za a tambayi bawa a kan yadda ya ƙarar da su.

Abin da ke wuyan mutum ke nan shi ne ƙoƙari gwargwadon iko da sani, sakamako kuwa ba a hannunsa yake ba. Sa'ar da aka yi ita ce kitsen ciki da na zuciya sun fi na cinya saurin narkewa. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yana sauko da jini da suga, tafiyar sauri ta minti 150 a mako tana rage kitsen ciki ko da sikeli bai motsa sosai ba. Wahalar tana wajen riƙewa. Wani bincike a Melbon ta Ostareliya ya nuna a 2011 cewa shekara guda bayan rage nauyi, sinadaran yunwa suna nan a tashe, jiki yana neman abin da aka ƙwace masa. Don haka wanda ya rage ya koma ba lalle ne raggo ba. Azumin Ramadan ma misali ne: bincike ya nuna ana sauke kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a watan, ya dawo cikin 'yan makonni bayan Salla. Duk wanda ya ga tiren buɗa-baki a gidan mai hali, ƙosai da soyayyen dankali da ƙwai, kunu mai suga cokali huɗu, zoɓo mai sanyi, kafin a zo ga tuwo bayan Asham, ya san dalili.

Neman magani ba ya cin karo da tawakkali. A 2023 aka wallafa gwajin allurar samaglutayid a kan mutum 17,604 masu nauyi da ciwon zuciya waɗanda ba su da suga, aka ga ta rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 20 cikin 100. Allurar tana aiki ne a kan cibiyar yunwa a ƙwaƙwalwa, kuma wannan ƙarin shaida ce cewa abin da ake kira rashin haƙuri sau da yawa sinadari ne. Sai dai tsadarta ta fi ƙarfin yawancin mutane a Najeriya da Nijar, in an daina kuma nauyin yakan dawo. Abin da ke kusa da hannun talaka shi ne awon jini a kai a kai, rage gishiri da dunƙulen miya, barin taba, da shan maganin hawan jini ba fashi, ko da mutum yana jin garau, domin hawan jini ba ya sallama.

Tun da siffa ba ta ɗaukar hukunci, yi wa mai ƙiba ba'a ba shi da mafaka a addini. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da laƙabi, kuma ruwayar Imam Ahmad a kan sahabban da suka yi dariyar siraran ƙwaurin Ibn Mas'ud, aka nuna musu nauyinsu a mizani, ta shafi kowace irin sura. Likitoci ma sun lura cewa wanda ake kunyatawa a kan jikinsa yakan guji asibiti, ciwo ya yi nisa kafin a gano. Alhakin kuma ba ya kan mutum ɗaya. Matar da ke shan sha-ka-fashe ta shiga cikin masu nemo ƙiba da kansu, amma mijin da ke gwada ta da kishiya da mai kemis da ya sayar mata ba takardar likita suna da kasonsu, kuma wadda ta daɗe a kan deksametason ba ta yanke shi rana ɗaya, sai likita ya janye mata a hankali, don yankewar gaggawa tana iya kisa. A Afirka ta Yamma ƙiba ta fi yawa a mata, kuma macen da ba ta fita, tsakar gidanta bai fi taku goma ba, ba ta da inda za ta yi tafiyar minti 30 sai mai gida ya sama mata hanya. Hukuma ma tana da nata: Dokar Kuɗi ta 2021 a Najeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa suga, adadin da hauhawar farashi ta riga ta cinye, alhali a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar harajin da zai ɗaga farashin irin waɗannan abubuwan sha da aƙalla kashi 20 cikin 100.